Gabun Tama a Tukunyar Fagge

Fagge, Kano, bazarar 1938

Takarda daga Zahra matar Manzo zuwa ga taubashiyata Jaratu matar Sambo, a Tama. Gaisuwa mai yawa da so da begen ganin fuskarki. Ina lafiyarki, ina Sambo da yara? Ki durƙusa ki gaida mani kakarki Gogo, ki ce mata jikar wanta Alƙasim tana nan da ranta, kuma ba ta sake ƙona tuwo ba tun da ta bar hannunta. Mu nan lafiya lau, sai Manzo da ke kukan baya, dakon buhun gyaɗa ba wasa ba ne.

Bayan haka, Illa falke ya iso da jakunansa, ya kawo gabun da kika aiko. Jaratu, ba ki san abin da kika yi mani ba. Mutanen nan ɗanyen ganyen albasa suka sani. Ba su san a daka shi, a cura, a shanya har ya bushe ya zama gabu ba. Ran da na fara jefa curi ɗaya cikin mai, wani akawu da ke wucewa da kekensa ya sauka ya dawo yana shinshina. Yanzu kafin azahar tukunyata ta ƙare.

Rumfata tana bakin hanyar da ta taso daga kantunan Kwarori, Larabawan nan ƴan kasuwa, ta nufi tashar jirgin ƙasa. Ke da ba ki taɓa wuce kasuwar Buza ba, ta ina zan fara maki? Duk wanda Allah ya halitta yana bi ta gabana: ƴan dako, direbobi, Yarabawa, Nufawa, Larabawan Turabulus masu jan dara. Kowa da abincinsa. A damana mai gurasa da tsire ne, a haguna wata Bayarabiya mai doya da jar miya, barkononta sai ya sa ƙato hawaye. Gaba kaɗan akwai mai shayi da burodi, yana da garmaho, wani akwati mai waƙa ba makaɗi a ciki. Ruwa kuwa ba a jan guga, ƙarfe ake murɗawa ya zubo. Har na taɓa ƙanƙara da hannuna cikin wannan zafin, wani kukun Bakwara ya ɗanɗana mani, na yar da ita don na ɗauka wuta ce. In na ɗaga kai ina hango buhunan gyaɗa an jera su sun yi tsini kamar dutse.

Ki ƙara mani gabu in Illa zai dawo. Kada ki yi mani rowa irin taku ta jikokin mata. Allah ya sada mu da alheri.

Tama, farkon damina, 1938

Daga Jaratu zuwa ga taubashiyata Zahra. Gaisuwa da fatan alheri. Mu lahiya muke, yara lahiya, ruwa ya sauka mun yi shuka. Gogo ta amsa gaisuwa, ta ce ƙaryarki ta sha ƙarya, wanda ya saba ƙona tuwo ko a Makka sai ya ƙona. A gaida Manzo, Allah ya ba bayan nan sauƙi.

Bayan haka, takardarki ta iso. Malam Iliya ya karanta mani ita a ƙofar gida, kafin ya kai wurin ƙanƙara matan unguwa sun cika zaure. Sau ukku aka sa shi ya maimaita. Tun ran nan ba ni da sauran suna a garin ga. In na tahi rijiya sai a ce, ga ƴar'uwar Zahra ta Kano. Ni da na goya ki muna yara, yau ni aka koma kira da sunanki.

Zan faɗa maki gaskiya don ba na iya ɓoye abu a ciki, raina bai yi daɗi ba. Gaban murhu ɗaya Gogo ta zaunar da mu. Wa take ba muciya in baƙi sun zo? Wa take kora waje ta je ta kaɗe awaki? Ke ma kin sani. Ga shi yau masu keke na sauka saboda miyarki, ni kuwa wanda ke cin tawa sai ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Kin ce a ƙara maki gabu kamar a ce miƙo mani tsintsiya. Ni ke jan ruwa a garka wata huɗu. Ni ke yanke ganye, ni ke daka har idona ya yi ja, ni ke curawa. Kwana bakwai yana rana ina juya shi ina gadin kaji, kuma ba ya shiga buhu sai na fasa ɗaya na ga cikinsa ya bushe ƙayau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu sauka daga keken nan, kin taɓa ce masu akwai wata Jaratu a Tama?

Duk da haka na ajiye maki rabin abin da ya rage, Illa zai taho da shi. Ruwan da ake murɗawa kuwa, ki riƙe abinki. Namu na fadama ya fi zaƙi, kuma ba Nasara ya ba mu ba. Wassalam.

Fagge, Kano, watan cika-ciki, 1940

Daga uwargijiyarki Zahra zuwa ga baiwata Jaratu mai dakan albasa. Gaisuwa irin wadda ta dace da ke, wato kaɗan. Ina Gogo, ina Sambo, ina sabuwar jaririya? Allah ya raya. Mu lafiya, sai zancen yaƙin Nasara da ya cika gari, ana ta ɗibar samari soja.

Bayan haka, kin ga watan da muke ciki, watan da taubasai ke wasansu. Ni jikar namiji ce, ke jikar mace, don haka ba sai na tuna maki wa ke sharar gidan wa ba. Da ina gida da na kama ki gaban kowa na sa ki share mani ɗaki. Tun da nisa ya cece ki, ga kallabi nan na saya a kantin Kwara, mai furen shuɗi, shi ne ladan shararki ta bana. Ki ɗaura ki yi wa uwargijiyarki addu'a.

To, buɗe kunne ki sha labari, in za ki fashe ki fashe. Kin san ƴan kama? Ba mu da su a gida. Wasu mutane ne masu shiga irin ta malamai, da rawanin tsumma da carbin gwangwani, ba abin da suke waƙa sai abinci. Ran Juma'a ɗaya ya tsaya gaban rumfata, kasuwa ta cika, ya ɗaga hannu kamar mai addu'a ya ce:

Miyar Zahra ta Fagge,
wanda ya sha ya manta hanyar gida.
In na mutu kada a kai ni nesa,
a binne ni gefen tukunya da ludayi a hannu.

Jama'a suka ce amin, har mai shayi ya kashe garmahonsa don a ji. Yanzu ƴan dako da ita suke ɗaukar kaya. Shekaranjiya wani attajirin fata ya aiko da kwano daga cikin birni, wai sai miyar da ake waƙa. An kuma buɗe gidan silima kusa da mu, inda hotunan mutane ke tafiya a jikin bango suna magana. Masu zuwa kallo duk ta gabana suke bi.

Saboda haka, baiwa, ki tashi tsaye. Buhu guda nake so bana, cikakke, wanda zai kai ni baɗi, don masu cin abincina sun ninka. In kika yi lalaci na sayar da ke ga Abzinawa in sayo wadda ta fi ki ƙarfi. Ina rubuto wannan ina dariya, har malamin da ke rubuta mani ya ce in bari ya gama. Allah ya bar zumunci.

Tama, bazarar 1940

Daga Jaratu matar Sambo zuwa ga Zahra. Gaisuwa. Muna lahiya. Gogo jikinta ya yi nauyi, ba ta fita.

Bayan haka, takardarki ta iso ran da dangin Sambo suka zo daga Allakaye ganin jaririya, da yayarsa Kande a gaba. Malam Iliya ya tahi Keita ta'aziyya. Da shi ne, ya san mu tun muna tsirara, da ya karanta yana murmushi, ko ya tsallake abin tsallakewa. Wani baƙon malami aka samu daga Madawa. Ni da kaina na ce a kira baƙi su zo su sha labarin Kano, don ina taƙama da ke, ko da raina na ƙuna.

Ya karanta ta da muryar da ake karanta takardar kumandan na Nasara. Baiwata. Baiwa. In sayar da ke ga Abzinawa. Ba wanda ya yi dariya, Zahra. Dariyarki tana Kano, takarda ba ta ɗauko ta ba. Da ya kai wurin kallabi sai ya ɗaga shi sama ya ce, ga ladan sharar. Kande ta dubi matan da ta zo da su ta ce, "To, ai ga shi daga bakin danginta. Mu da munka faɗi, an ce mun cika baki."

Kin manta ko wane ne mijin Gogo? Kin manta raƙuman wa kakana ya yi kiwo har ya tsufa, ba da sonsa ba, yana bawa a hannun Abzinawa? Shekara goma sha ɗaya ina gidan ga ina rufe wagga magana da haƙuri da aiki da girki, har suka fara mantawa. Ke kika tone ta da rana tsaka. Da baki kika faɗa mani, da na rama, na ce da ke ƙona-tuwo, a yi dariya a tashi. Takarda ba a rama mata.

Waƙarki kuwa na ji ta. Yaran garin ga ma sun ɗauka. Na saurara da kyau ko zan ji Tama ko Jaratu a ciki, ban ji ba.

Ga buhunki nan, cikakke kamar yadda uwargijiya ta yi umarni. Kallabin yana bakin buhun, na ɗaure da shi. Wassalam.

Tama, ranin 1943

Daga Jaratu zuwa ga taubashiyata Zahra, ƴar'uwata ta jini. Gaisuwa da yawa, da kunya da yawa. Ina lahiyarki, ina Manzo? Mu mun sha wuya, lanho, harajin Nasara, ya ƙaru, an kwashe gero an kwashe bisashe don yaƙi, amma muna raye.

Gogo ta rasu da kakar bara waccan. Allah ya jiƙanta. A cinyata ta cika. Ban samu wanda zan aiko maki ba, kin san tun daminar da Illa ya tahi da buhun nan aka rufe hanya tsakanin ƙasar Faransi da ta Ingilishi, ƴan duwan masu tsaron iyaka na kama duk wanda ya ƙetara. Shi kansa Illa can ya maƙale, sai watan jiya ya dawo da jaki ɗaya.

Na tare shi tun bai sauke kaya ba na ce, ina takardata? Ya ce ba ki ba shi ba. Na ce, yaya rumfa? Ya ce wata ce a wurin yanzu tana sayar da waina. Ya ce ya gan ki bayan tasha kina tuƙa wa wata Banufiya tuwo, kin rame.

Zahra, na ce da Malam Iliya ya rubuta abin da zan faɗa yadda na faɗe shi, kada ya gyara. Gabun nan kwana biyu kaɗai ya yi a rana. Bayansa ya bushe, cikinsa ɗanye. Na sani, don na fasa ɗaya na gani, na kuma zuba shi a buhu na danne na ɗaure. Na san abin da kwana ashirin bisa jaki cikin zafi za su yi masa. Zan iya cewa maganar Kande ta sa ni, kuma ta sa. Amma tun kafin ran nan nake kwana da kishinki, tun ba a yi maki waƙar ba. Ina son rana ɗaya mai keke ya ɗanɗana miyarki ya tofar. Rana ɗaya na nufa, wallahi. Na ce in kika yi kuka kika aiko, sai in tura maki mai kyau, kin san wadda ke riƙe da tukunyarki. Mai kyan yana nan a rumbu na ajiye. Ban san za a rufe hanya shekara ukku ba.

Kwana biyu kafin Gogo ta cika ta tambaye ni, "Kin aika ma yarinyar nan gabunta?" Na ce na aika. Ta ce, "Allah shi maki albarka." Wagga albarka ita ta hana ni barci har yau.

Ga buhu biyu na bana tare da Illa. Kowane curi kwana tara ya yi a rana. Ki zage ni, ki ce da ni duk abin da kika ga dama, ni zan tara mutane su ji. Ki dai amsa mani.

Fagge, Kano, bazarar 1943

Takarda daga Zahra matar Manzo zuwa ga Jaratu matar Sambo, mai daraja, a Tama. Gaisuwa da girmamawa. Ina lafiyarki da ta maigida da ta yara? Na ji rasuwar Gogo. Allah ya gafarta mata, ya saka maki da jinyar da kika yi. Manzo yana kwance shekara biyu ke nan, bayan ya ƙi.

Bayan haka, abin da kika faɗa na san shi tun ran da na kwance kallabin. Warin funfuna ya buge ni. Na fasa curi ɗaya, na fasa na biyu, na fasa har goma, duk baƙi ƙirin a tsakiya. Da rabi ne ya lalace da na ce ruwa ya taɓa shi a hanya. Amma hannunki ba ya kuskure, Jaratu, ni ce shaida.

Ban sa shi a tukunyar mutane ba, ba wanda ya tofar da miyata. Na ce masu gabu ya ƙare. Suka yi mani haƙuri wata ɗaya, wata biyu, sannan suka fara gaishe ni suna wucewa. Ɗan kaman nan ya koma yi wa mai doya waƙa. Da Manzo ya kwanta na kasa riƙe wurin, mai filin ya ba wata. Ba zan ɗora maki duka ba, da yaƙi a ciki, da rabo. Amma da buhun nan ya zo lafiya da ya kai ni shekara, kuma shekarar nan ita nake bukata.

Kin ce kina kishina. Ni me kike tsammani nake yi? Kina da ɗiya biyar, ni ko ɓari ban taɓa yi ba. Lokacin kina da Gogo, kina da garka, in kika yi zazzaɓi akwai mai dafa maki kunu. Ƙanƙara da garmaho nake rubuto maki don su kaɗai gare ni da ba ki da su. Silimar nan ban taɓa shiga ba, bangonta na sani ta waje. Sunanki kuwa ban faɗa wa kowa ba, gaskiyarki. Na ji tsoron in an san daga inda ƙanshin yake, a ga ba komai gare ni. Wannan laifina ne, da na takardar da ta kunyata ki. Ki yafe mani.

Buhun ban zubar ba. Na baje shi a rana, na riƙa yanke baƙin da wuƙa ina tsince abin da ya tsira a gefe, ina sa wa a ƴar miyarmu ni da Manzo. Yana da ɗaci. Mun ci shi har ya ƙare, don kowane curi da shatar yatsunki a jiki, kuma ba wani abin gida da ya rage mani a garin nan.

Na yafe maki duniya da lahira. Buhu biyun na ce Illa ya sayar ya kawo maki gishiri da atamfa, ni ba ni da tukunyar da zan sa su.

Kin ce in zage ki. Na gwada, bakina ya ƙi. Na sa malam ya karanta mani takardar nan sau biyu da muryar wa'azi, babu kalma ɗaya da za ta ba ki kunya gaban kowa. Ki kira Kande ta ji. Haka zan riƙa rubuto maki daga yau, yadda ake rubuta wa mutanen kirki. A gaida maigida da yara. Wassalam.